Yadda Za Ka Sa Mai Tsaro Ya Toshe Kafar Asara a Sito da Shago

Yawancin 'yan kasuwar da na sani, idan suka ɗauki maigadi, ɓarawon dare kawai ke ransu. Sai a saya masa tocila da usur da gora, a nuna masa benci a bakin ƙofa, a ce Allah ya tsare. Ni kuwa a shekarun da na yi ina kula da masu gadin sito, kayan da na ga sun salwanta ta kan katanga da dare ba su kai waɗanda suka fita ta babbar ƙofa da rana tsaka ba, ana sallama, ana "a sauka lafiya". Katan biyu sun ƙaru a kan lodi, buhu ɗaya ya bi kura, an saki kaya a kan alat ɗin da bai taɓa shiga asusu ba. Sai kuma gobara da ruwa, waɗanda kan cinye a dare ɗaya abin da ɓarayi ba za su iya kwashewa a shekara goma ba.

Don haka wannan jagora ta mai sito ce da mai shago, a Kwari yake ko Singa ko Dawanau ko wata kasuwa a wani gari, kuma ta shi kansa mai tsaron ce. Manufarta a fitar da maigadi daga zaman benci, a mai da shi mutumin da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, yana rubutawa, yana kuma da ikon cewa mota ta tsaya.

Mataki na farko: ku zaga wurin tare, da takarda a hannu

Kafin ka sayi kwaɗo ko kyamara, ɗauki mai tsaronka ku zaga wurin sau biyu, sau ɗaya da rana lokacin da ake hada-hada, sau ɗaya bayan isha'i. Abin da ido ke gani da rana daban yake da na dare. Ku dubi kowace ƙofa da taga, ku ɗaga kai ku dubi rufin kwano, domin ɓarayin kasuwa sun fi yage kwano a kan fasa ƙofar ƙarfe. Ku dubi bangon da kuka haɗa da maƙwabci, da kwatar da ke bayan gini, da inda wayar wuta ta shigo, da inda ake ajiye janareto da jarkar mai.

Duk abin da zai iya jawo asara ku rubuta shi. Sannan ku yi wa kowanne tambaya biyu: sau nawa yake iya faruwa, kuma in ya faru me zai ci? Ɗauke ɗan ƙaramin kaya daga kanta yakan faru kusan kullum amma ɓarnarsa kaɗan ce a kowane karo. Gobara ba ta cika zuwa ba, amma in ta zo ba ta barin komai. Ƙarin kaya a kan lodi yana tsakiya, kuma shi ne ya fi cin mutane a ɓoye domin yana yawan faruwa kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Bayan haka kowane haɗari ka yanke masa hukunci ɗaya cikin huɗu. Wani za ka kauce masa gaba ɗaya, kamar ka daina kwana da kuɗi a shago. Wani za ka rage shi, kamar ka sa ƙirga a bakin ƙofa. Wani za ka ɗora wa wani nauyinsa ta hanyar inshora. Wani kuma za ka haƙura da shi saboda kuɗin tsare shi ya fi kuɗin asararsa. Babu amfanin ka biya mutum albashi don ya tsare abin da bai kai rabin albashin ba.

Ka saurari maigadi sosai a wannan zagayen. Shi ya san wace fitila ce ta mutu tun wata uku, da wane lungu ne samari ke taruwa da ƙarfe biyun dare. Sau da yawa ya daɗe da sani, ba a dai taɓa tambayarsa ba ne.

Mataki na biyu: wa za ka ɗauka, kuma da wane sharaɗi

Hanya biyu ce: ka ɗauki mutum kai tsaye, ko ka ɗauko daga kamfanin masu gadi. Idan kamfani ne, ka nemi ganin lasisinsa. A Najeriya dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ce ke tafiyar da su, kuma hukumar Sibil Difens ce ke sa musu ido, don haka kana iya zuwa ofishinta na jiha ka tabbatar. Ka kuma tambayi kamfanin nawa ne ke isa hannun maigadin daga abin da kake biya. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin akwai inda rabin kuɗin ke tsayawa a ofis, mutumin da ke kwana a ƙofarka kuma yana bin bashin wata biyu. Ka tabbatar an rubuta a yarjejeniya wa zai biya idan kaya suka ɓata saboda sakacin ma'aikacinsu.

Idan kai tsaye ne, kada ka tsaya a kan "ɗan garinmu ne". Karɓi lambarsa ta NIN da hotonsa, ka sa a je a ga inda yake kwana, ka samu mutum biyu da za su tsaya masa, ɗaya daga ciki ya zama wanda mai unguwa ya sani. Ka kira inda ya yi aiki a baya ka ji dalilin barinsa. Ka gwada ko yana iya rubuta lamba da kwanan wata, da boko ko da ajami, domin aikin da za ka ba shi rabinsa rubutu ne.

Maganar albashi ba zan yi mata kwana-kwana ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Ko da dokar ba ta hau kan ƙaramin shago mai ma'aikata kaɗan ba, ka ɗauke shi a matsayin ma'auni. Mutumin da ka damƙa wa kayan miliyoyi, kana ba shi abin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba, ka jefa shi cikin jarrabawa mai tsanani, kuma alhakin wani ɓangare na abin da zai biyo baya yana wuyanka. Haka nan mutum ɗaya ba ya gadin dare da rana. Wanda ya yini a ƙofa zai yi barci da dare, ko wane ne shi.

Ka kuma faɗa masa iyakarsa tun ranar farko. Dokar 1986 ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga. Aikinsa ya gani, ya hana, ya rubuta, ya kira.

Mataki na uku: ƙofa da takarda

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan fi daɗewa.

Ƙa'idar ita ce kada mutum ɗaya ya riƙe ciniki daga farko har ƙarshe. Wanda ya karɓi kuɗi ya rubuta takarda daban, wanda ya fitar da kaya daga sito daban, wanda ya ƙirga a bakin ƙofa daban. Na ukun nan shi ne mai tsaro. Idan ana son a yi sata a irin wannan tsari sai mutum uku sun haɗa baki, kuma sirrin mutum uku ba ya daɗewa.

Ka buga littafin takardar fitar da kaya mai lamba a jere, kowace lamba da kwafi uku. Ɗaya na mai saye, ɗaya na mai sito, wato ma'aikacin da ke riƙe da siton, ɗaya ya tsaya a hannun maigadi. A jikinta a rubuta kwanan wata, irin kaya, adadi da lamba da kuma da kalmomi, lambar mota ko sunan mai kura, da sa hannun wanda ka ba izini. Ka ba maigadi samfurin sa hannun mutanen da ke da wannan izini, kada su wuce biyu ko uku. Takardar da aka yi kuskure a kanta ba a yage ta, a ja mata layi a bar ta a littafi. Ranar da ka ga lamba 214 sai 216, ka tsayar da komai sai an nemo 215.

Ga wata dabara da ta fi kowace amfani a wurina: maigadi ya fara ƙirga kayan, ya rubuta abin da ya samu a littafinsa, sannan ya karɓi takardar ya gwada. Idan ya fara karanta "katan 80" kafin ya ƙirga, idonsa zai ga 80 ko da 84 ne a motar. A tsara lodi layi-layi yadda zai ƙirgu, misali goma-goma, kuma a ƙirga lokacin da 'yan dako ke ɗorawa, kafin a ja tamfol.

Na taɓa aiki a wani sito na kayan masarufi inda duk ƙarshen wata ake samun giɓin katan-katan na madara da man girki. Mai wurin ya ƙara fitilu, ya sa waya mai ƙaya a kan katanga, ya sallami maigadin dare, wani dattijo da bai ji ba bai gani ba. Giɓin bai daina ba. Da muka fara ƙirga kafin duba takarda, a mako na farko maigadin rana ya tsayar da wata mota ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni 63 na samu, takarda kuma 60 ta ce." Direban ya ce a kira mai sito, mai sito ya zo yana cewa kuskuren 'yan dako ne. Bayan kwana huɗu aka sake yin irin wannan kuskuren da mota ɗaya, da direba ɗaya. Har yau abin da ke damuna shi ne dattijon da aka kora. An nemo shi an ba shi haƙuri, amma ya riga ya sha kunya a gaban 'ya'yansa.

Wannan ƙirga ba za ta yi aiki ba sai ka ba maigadi iko na gaske. Ka tara yaranka da 'yan dako ka faɗa a gabansu cewa ba abin da zai fita sai da takarda, ko da ɗanka ne ya zo, ko da kai ne ka aiko ta waya. Sannan kai ma ka bi dokar. Ranar da ka kira ka ce, "Baba, bar su su wuce, za a kawo takardar daga baya," ka koya wa kowa cewa akwai wata hanya, kuma gobe wani zai ce Alhaji ne ya ce. Idan larura ta sa dole, a rubuta a littafi cewa kai ka ba da umarni, da lokaci, ka zo ka sa hannu a ranar.

Kayan da ke shigowa ma haka. A duba lambar hatimin da ke ƙofar kwantena ko mota kafin a yanke shi, a gwada da wadda ke takarda. A ƙirga a gaban direba. Buhun da ake shakka a ɗora shi a sikeli, domin buhun da aka zuƙe wa mudu biyu ba ya nunawa a ido. Abin da ya zo a yage ko a jiƙe a rubuta kafin direba ya tafi.

Akwai ƙananan kafofi uku da ake mantawa. Shara da kwalayen da babu komai: a baje kowane kwali kafin ya fita, domin cikakken katan yakan fita a tsakiyar fanko. Kayan da aka dawo da su: su ma a yi musu takarda, in ba haka ba za a rubuta an dawo da abin da bai dawo ba. Sai alat na bogi: kada a saki kaya don an nuna saƙo ko hoton rasit a waya. Mai karɓar kuɗi ya buɗe asusun da kansa ya ga kuɗin sun zauna, sannan ya sa hannu. Maigadi ba ruwansa da wayar mai saye, sa hannun nan kawai yake nema.

Mataki na huɗu: makulli, fitila, kyamara

A sa wa ƙofar sito kwaɗo biyu, makullin ɗaya a hannun mai sito, ɗayan a hannunka ko wakilinka. Maigadi ba ya riƙe makullin sito, kuma wannan kariya ce gare shi, domin ranar da kaya suka ɓata ba wanda zai ce shi ya buɗe. A rubuta lokacin buɗewa da rufewa kullum. Makulli ya ɓata, ko an sallami mai riƙe da shi, a canza kwaɗon a ranar.

Fitila ta haska bango da ƙofa da lungu, maigadi kuma ya zauna a inda yake gani ba a ganinsa. Zagayen dare kada ya zama a kan lokaci ɗaya kullum.

Kyamara tana da amfani, amma na ga wurare da yawa da aka kashe kuɗi aka sa ta ta zama ado. Ka sa ɗaya daidai tsayin da za ta ɗauki fuska a ƙofa, ɗaya a wurin lodi, ɗaya a kan teburin kuɗi. Na'urar da ke adana hoton a kulle ta a wani wuri daban, a haɗa ta da batir don kada ta mutu in an ɗauke wuta, a daidaita agogonta, kuma ta iya riƙe hoton aƙalla wata guda, tunda yawancin giɓi sai a ƙidayar ƙarshen wata ake gano shi. Duk mako wani ya zauna ya duba ko tana ɗauka.

Mataki na biyar: wuta da ruwa

Duk ɗan kasuwar Kano yana tuna 2016. A watan Maris na shekarar gobara ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta cinye shaguna sama da 3,000, makonni kaɗan bayan wata ta ci kasuwar Singa. A daminar 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa diloli na atamfa da shadda da yadi. A irin waɗannan darare, mutumin da ke wurin a mintuna biyar na farko maigadi ne.

Don haka ka ba shi aikin rufewa. Kowace yamma ya zaga ya tabbatar an kashe wuta daga babban makunni, an cire caja da hita da dutsen guga, janareto ya huce kuma yana waje, jarkar fetur ba ta kwana kusa da kaya. Inda aka sa sola, batir da inbata su kasance a wuri mai iska, nesa da kwali da yadi. Ya sa hanci: warin waya mai ƙonewa yakan riga hayaƙi. A lokacin hunturu, sa'ad da komai ya bushe kuma ake jin ɗumi, ka saya masa bargo da rigar sanyi don kada ya hura wuta a gindin ƙofa.

Tukunyar kashe gobara mai hoda ta fi dacewa da yawancin shaguna, mai iskar kabon kuma ta fi kyau kusa da kayan lantarki. A rataye ta kusa da ƙofa inda hannu zai kai, in mai hoda ce a duba allurarta tana kan kore duk wata. Ka sa ya gwada fesa ɗaya da hannunsa ko sau ɗaya ne: a zare fil, a nufi gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Ya san cewa ba ta kai minti ɗaya take ƙarewa, don haka ta ƙaramar wuta ce. Ba a zuba ruwa a wutar lantarki ko ta fetur. In wuta ta fi ƙarfinsa ya fita, ya yi kururuwa, ya kira. Lambar 'yan kwana-kwana mafi kusa, da 112, da ta ofishin 'yan sanda na yankin, da taka, a rubuta su a bango, a kuma tabbatar kullum akwai kati da caji a wayarsa. Kada a taɓa kulle maigadi ta waje a cikin gini.

Game da ruwa, a ɗora kaya a kan katako ko dakali, a yashe kwata kafin ruwan farko, a ajiye buhunan yashi kusa da ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu siton hatsi, wata magana ta musamman: ƙwayar maganin ƙwari da ake sakawa cikin buhuna, irin su fostoksin, tana fitar da iska mai kisa. Sito da aka sa wa magani ba a kwana a cikinsa ko a ɗakin da ke manne da shi, kuma dole a gaya wa maigadi ranar da aka sa.

Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne na inshora. Wanda ke da damuwa ta addini game da ita, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM. Ka sani dai, ranar biyan diyya za su nemi shaidar abin da ke cikin siton, kuma littattafan nan na ƙofa da na ƙidaya su ne shaidarka. Ka riƙa ɗaukar hotonsu a waya duk mako don kada su ƙone tare da kayan.

Mataki na shida: in an kama wani

Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta yarda da duka ba, ko ɗauri a sito har kwana, ko tilasta wa mutum ya amsa laifi. Ka gargaɗi maigadinka da kakkausar murya a kan ihun "ɓarawo" a cikin kasuwa, domin taron jama'a in ya taso ba mai iya tsayar da shi, kuma an sha kashe wanda bai ɗauki komai ba. Ya shigar da mutumin inda jama'a ba za su kai gare shi ba, ya samu shaida ɗaya ko biyu, ya bar kayan yadda aka same su, ya kira shugabannin kasuwa da 'yan sanda. Mace kuma mace ce ke caje ta.

In 'yan fashi ne da makami, ko tarzoma irin wadda aka fasa shaguna a Kano a farkon Agustan 2024, umarninka gare shi ya zama a fili: ya tsira da ransa, ya lura da abin da zai iya lura da shi, ya kira. Ka faɗa masa wannan da bakinka, domin mai amana yakan tsaya ya mutu a kan kayan wani saboda kunyar a ce ya gudu.

Duk abin da ya faru, babba ko ƙarami, a rubuta shi a ranar: me ya faru, ƙarfe nawa, a ina, wa ya gani, me aka yi. Abin da ido ya gani kawai, ban da zato.

Mataki na bakwai: ƙidaya da bita

Kada ka jira ƙarshen shekara. Duk mako zaɓi kaya iri biyar ko shida, musamman masu tsada da sauƙin ɗauka, a ƙirga ba tare da sanarwa ba. Lissafin mai sauƙi ne: abin da ke nan a farkon mako, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da takardun ƙofa suka ce ya fita. In da katan 500, an kawo 200, takardu sun nuna 320 sun fita, to 380 ya kamata a tarar. An tarar da 374, shida sun ɓata a cikin kwana bakwai, kuma kwana bakwai ana iya bin sawunsu a littafi da kyamara. Wanda ke ƙirgar kada ya zama mai riƙe da siton shi kaɗai.

Sau ɗaya a wata ku zauna da mai tsaro na rabin awa, littafinsa a buɗe a gabanku. Ka karanta shi da gaske, ka sa hannu a shafin ƙarshe. Ka tambaye shi me ya gani da bai rubuta ba, kuma abin da ya faɗa maka game da wani ma'aikaci ya tsaya tsakaninku har ka bincika. In ya kama ƙarin kaya a lodi, ka yi masa ihsani a gaban mutane. Ku ɗauko takardar zagayen farko ku duba abin da aka gyara da abin da ya rage, ku ƙara sabon da ya taso: maƙwabci ya fara sayar da gas, an buɗe sabuwar hanya a bayan gini, damina ta kusa. Kowane gyara a rubuta sunan wanda zai yi shi da ranar da za a dawo a duba.